Waɗanda Suka Rage a Zaune

Ɗan'uwana cikin Ubangiji, in an taɓa ɗora maka nauyin shirya sujadar ranar iyaye mata, ka san daɗin aikin. 'Yan Zumuntar Mata sun ɗinka anko, an fito da tulu da caki, majami'a ta cika tun kafin ƙararrawa ta biyu. Shekaru da yawa, in sujada ta kai tsakiya, nakan ɗaga murya in ce dukan iyaye mata su miƙe tsaye. Sai mu ba da turmin zane ga wadda ta fi yawan 'ya'ya, da sabulu ga mai jego mafi sabunta. A yi tafi, a yi guɗa. Daga kan mumbari ina ganin waɗanda suka tashi, amma ban taɓa ƙirga waɗanda suka rage a zaune ba.

Akwai wata malamar makarantar Lahadi a ikkilisiyar da nake kiwo a lokacin, wadda ko ruwa ake da ƙanƙara ba ta fashin sujada, sai a wannan Lahadi ɗaya. A shekara ta uku na lura, na tafi gidanta da shirin yin gargaɗi. Na same ta a tsakar gida tana wanke kayan makarantar yara huɗu, marayun ƙanin mijinta, waɗanda take riƙo tun ƙaraminsu yana shan nono. Ita kuwa shekararta goma sha huɗu da aure, ba ta taɓa haihuwa ba. Da na tambaye ta, sai ta tsame hannu daga kumfa ta ce, "Baba Fasto, in na tashi, za a ce wa na haifa? In na zauna kuma, yaran nan suna kallona." Na koma gida da gargaɗina a aljihu.

A daren nan na buɗe 1 Sama'ila sura 1, wadda na sha yin wa'azi a kanta, na ga abin da ban gani ba a dā. Baƙin cikin Hannatu ya fi tsanani a ranar idi, a Shilo, a gidan Ubangiji, sa'ad da Elkana yake rabon naman hadaya ga Feninna da 'ya'yanta maza da mata. Firist Eli kuwa yana zaune kusa da ƙofa, ya ga leɓunanta suna motsi, ya ɗauka ta bugu. Na nemi kaina a cikin labarin, na tarar a kan kujerar Eli nake. Mu masu wa'azi mukan yi sauri mu kai ga haihuwar Sama'ila domin jama'a su ce amin, har wani ya ce wa mace a gaban taro, "Baɗi war haka kina goye." Ina roƙonka, kada ka yi alkawarin da Allah bai aike ka da shi ba. Na binne mata masu aminci da suka yi addu'ar Hannatu har tsufa.

Ka kuma san wannan: Anna Jarvis, wadda ta shirya sujadar tunawa da iyaye mata a wata majami'ar Metodis a garin Grafton na Amurka a 1908, har ƙasar ta mai da ranar ta hukuma a 1914, ba ta haihu ba. Da ta zo majami'armu, da a zaune za mu bar ta. Littafi Mai Tsarki ma cike yake da masu reno irin wannan. Yehosheba goggon Yowash ce, ita ta ɓoye shi daga takobin Ataliya, ya yi shekara 6 a Haikali. Mordekai namiji ne, ya riƙi Esta 'yar baffansa. A Romawa 16:13 Bulus ya lasafta uwar Rufas a matsayin uwarsa. Ubangijinmu kansa, yana kan gicciye, ya danƙa Maryamu a hannun almajirin da ba ita ta haifa ba.

Da na kai maganar gaban dattawa da shugabannin Zumuntar Mata, ba a karɓe ta da tafi ba. Wata uwa mai 'ya'ya tara ta ce, "Fasto, naƙuda ba wasa ba ce. Rana ɗaya tak muke da ita, ita ma za ka raba mana?" Gaskiya ta faɗa, ban kuma so a rage mata ko ƙwayar girma ba. Mun yi zama uku kafin mu daidaita.

Abin da muka yi shi ne muka juya kiran. Maimakon a ta da masu haihuwa, sai na ce duk wanda aka taɓa goyawa, ko aka ciyar, ko aka kwana a tabarma gefen gadonsa a asibiti, ya miƙe. Ba wanda ya rage a zaune. Sa'an nan na ce, in wanda ya yi maka wannan yana cikin majami'a, uwa ce ko kaka ko goggo ko matar uba ko uba, ka je ka gaishe shi. Muka bar gasar yawan 'ya'ya. A addu'a muka ambaci masu jiran haihuwa, da masu wabi, da waɗanda suka binne iyayensu, ba tare da nuna kowa da yatsa ba, muka yi shiru na ɗan lokaci. Baikon ranar aka kai wa gwauraye da masu riƙon marayu har gida. Mun kuma sanar da tsarin mako biyu kafin ranar, domin kowa ya san abin da zai tarar.

Malamar ta zo, ta zauna a bencin baya. Yaran huɗu suka ratsa jama'a suka durƙusa a gabanta. Uwar nan mai 'ya'ya tara, bayan nata sun gama kewaye ta, ta tashi ta je ta gai da wani dattijo da yake jinyar matarsa mai shanyewar jiki. Duk da haka na duba na ga mata biyu ba su zo ba. Ranar Litinin da la'asar na ɗauki matata muka tafi gidan ta farko, muka zauna da ita har aka kunna fitila.