Takardar da Aka Ɗaure a Jikin Falwaya

A shekarar da na tafi ƙaro ilmi wani gari a arewacin Ingila, na kama ɗaki a wani matsattsen titi inda gidaje ke manne da juna, ba mai gareji, kowa a ƙofar gida yake ajiye motarsa. Wata safiya cikin hunturu zan tafi laburare, sai na ga takarda cikin leda an ɗaure ta a jikin falwayar fitila. Da fari na zaci cigiyar kyanwa ce, don kuwa Turawa ba su gajiya da wannan. Ashe sanarwa ce daga majalisar gari, wai tana nufin ta ja layi biyu na rawaya a gefen titinmu, wato alamar hana ajiye mota dare da rana.

Kafin wannan rana, zatona shi ne in hukuma ta ga dama sai kawai ta aiko mai fenti, magana ta ƙare. Maƙwabciyata, wata tsohuwa da na riƙa yi wa cefane, ita ta fitar da ni daga duhu. Ta ce fenti shi kaɗai ba ya cin kowa tara. Abin da ke ba shi haƙora wani rubutaccen umurni ne da majalisa ke yi bisa ikon da dokar tsara zirga-zirgar hanya ta 1984 ta ba ta. Sa'an nan ƙa'idojin 1996 sun ɗaure ita majalisar kanta: sai ta tuntuɓi shugaban 'yan sanda, da 'yan kwana-kwana da masu motar asibiti in abin ya shafe su, ta buga sanarwa a jaridar yankin, ta ajiye taswira da bayanin dalilinta inda kowa zai iya dubawa, ta kuma saurara aƙalla kwana 21 domin masu ƙorafi.

Tsohuwar nan kuwa tana da nata ƙorafin. 'Yarta kan zo da mota kowace yamma ta kwana tana jinyarta, in aka ja layin nan babu inda za ta ajiye sai can bayan unguwa. Hannunta na karkarwa, saboda haka ta ce, "Ɗan nan, kai ne mai alƙalami, zauna ka rubuta." Na zauna. Sai dai da na karanta dalilin majalisa jikina ya ɗan yi sanyi, domin gaskiya ce motar kashe gobara ba ta iya shan kwanar titin in motoci sun cika shi. Don haka ba mu ce a fasa ba, roƙo muka yi a taƙaita layin ga kwanar kaɗai.

Mai karatu ya lura, doka ba ta tilasta wa majalisa ta karɓi ƙorafi ba, abin da ta wajabta mata shi ne ta duba shi, in ta ƙi kuma ta faɗi dalili a rubuce. Wanda bai gamsu ba yana da mako 6 ya kai ƙara babbar kotu, amma a kan cewa an wuce gona da iri ko an tsallake ƙa'ida, ba don kawai abin bai yi masa daɗi ba. Mu dai mun yi sa'a, bayan 'yan watanni wasiƙa ta zo cewa an rage layin.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tsarin nan ya fi amfanar wanda ya saba karanta jikin falwaya da ƙananan rubutun jarida. Akwai wani direban tasi da gidansa ke daidai kwanar, aikin dare yake yi, ya wuni yana barci. Bai san abin da ake ciki ba sai ran da ya fito ya tarar da masu fenti durƙushe a ƙofar gidansa. Ya tambaye ni me ya sa ban faɗa masa ba, na rasa amsar da zan ba shi.