Canka A Koyon Sinanci: Inda Take Kai Mutum Da Inda Take Tsayawa

Shekarata ta biyu ke nan ina koyon Sinanci da yamma bayan an tashi kasuwa, kuma tambayar da abokai a nan Legas suka fi yi mini ita ce: wai duk waɗannan zane-zanen haddace su ake yi ɗaya bayan ɗaya? Ana haddace wasu kam. Jerin da hukumomin ƙasar Sin suka fitar a 2013 ya ware haruffa 3,500 a matsayin waɗanda aka fi amfani da su, kuma ba a tsallake wannan wahalar. Amma kalmomin da ake haɗawa da su sun ninka haka sau da yawa, babu mai haddace su duka. Da yawansu canka ake yi, kuma cankar tana da ƙa'ida.

Abin da ya sauƙaƙa mini shi ne Sinawa suna gina kalma kamar yadda muke gina tamu. Mu muka ga mota mai tashi muka ce jirgin sama, muka ga mai bin dogo muka ce jirgin ƙasa. Su kuma jirgin ƙasa "huoche" suke ce masa, wato keken wuta. Wayar hannu kuwa "shouji", na'urar hannu, kamar sun leƙa bakinmu. Da na san cewa 电, wanda ake karantawa "dian", lantarki ne, sai ƙofofi suka yi ta buɗewa: maganar lantarki ita ce tarho, ƙwaƙwalwar lantarki kwamfuta, inuwar lantarki fim, tsanin lantarki kuma lif ɗin hawa bene. Duk wanda ya zauna gaban malam ya ga yadda kitabi da katibi da maktaba suka fito daga tushe guda a Larabci, ya riga ya san wannan aikin, sai dai a sauya masa haruffa.

Akwai kuma canka ta cikin harafin kansa. Yawancin haruffa suna da wani ɗan sashe da ke nuna dangin ma'anarsu. Ƙamus na Kangxi, wanda aka kammala a 1716, ya tsara su 214. Ɗigo uku a gefen hagu alamar ruwa ce, za ka same su a kogi, a teku, a wanki, a mai, a miya. Wanda ya fi burge ni shi ne 贝. Asalinsa hoton wuri ne, domin Sinawan dā sun yi ciniki da wuri kamar kakanninmu. Yau yana nan zaune cikin harafin tsada, da na kaya, da na kuɗin aiki, da na riba, da na biyan diyya. Mu ma ai kalmar "kuɗi" jam'in "wuri" ce. Ranar da na lura da haka na daɗe ina kallon harafin. Tun daga lokacin, in na ga wuri a cikin harafin da ban sani ba a takardar kaya, na san zancen ya shafi aljihu, sai in rage gudu.

To amma canka tana da ramuka. "Dongxi" gabas da yamma ne in ka fassara shi sashe-sashe, alhali ma'anarsa kaya ko abu. "Mashang" a kan doki ne, ma'anarsa yanzu-yanzu. "Xiaoxin" ƙaramar zuciya ce, ana nufin yi hattara, kuma shi ake rubutawa a jikin kwalin kayan da ke fashewa. Irin waɗannan ba su dame ni ba, domin jimlar da suke ciki takan tona su. In ɗan kasuwa ya rubuto maka cewa zai turo lambar kaya "a kan doki", ai ka san ba dokin Sallah yake nufi ba.

Inda nake ajiye canka gefe wuri biyu ne: abinci da kuɗi.

'Yan uwanmu da ke zuwa Guangzhou, musamman lokacin bajen kolin Canton na Afrilu da Oktoba, da yawa a unguwar Xiaobei suke cin abinci saboda gidajen abincin Musulmi. Haruffan da ake nema a ƙofa su ne 清真, "qingzhen", wato halal. Da an fita daga irin waɗannan wurare sai a kula. Harafin 肉 nama ne, mai canka zai ce to nama dai. Amma a takardar abinci ta Sinawa, in an rubuta nama shi kaɗai ba a ambaci sa ko rago ko kaza ba, galibi alade ake nufi. "Huotui" ƙafar wuta ce a zahiri, cinyar alade ce da aka sarrafa. "Tianji" kazar gona ce, amma kwaɗo za a kawo maka. Harafin 酒 giya ne, kuma in ka gan shi a jerin kayan haɗin miya giyar girki ce. Sai ga shi kuma a allon "jiudian", wanda otal ne kawai, ba mashaya ba. Harafi ɗaya, nan ya tsorata ka a banza, can kuma gargaɗin gaske yake yi.

Batun kuɗi ya fi wannan tsanani, don kuskurensa ba ya nuna kansa sai an gama lissafi. Saye da sayarwa duk "mai" ne, karin sauti ne ya raba su, kuma a rubuce 买 da 卖 ɗan ƙaramin gicciye ne a ka ya bambanta su. In shago ya rubuta 8折, mai canka zai ɗauka an rage kashi 8, ko ma 80. Abin da ake nufi shi ne ka biya kashi 80 cikin 100 na farashin, ragin kashi 20 ne. Ma'aunin "jin" rabin kilo ne, kilo cikakke "gongjin" ne. Wanda ya ji farashin citta ko barkono a kan "jin" ya ɗauka kilo ne, ya ninka wa kansa tsada bai sani ba. Su kuma Sinawa da dubu goma-goma suke ƙirga manyan kuɗi, suna ce masa "wan", don haka 5万 dubu hamsin ne.

Wanda nake so kowane mai odar kaya ya riƙe shi ne 定金 da 订金. Karatunsu ɗaya ne sak, "dingjin", kunne ba zai taɓa raba su ba, kuma duka biyun za ka canka su a matsayin kafin alƙalami, ka kuma yi daidai. Sai dai a dokar farar hula ta ƙasar Sin, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2021, na farkon jingina ce mai hukunci: in kai mai saye ka fasa, kuɗin sun tafi, in mai kaya ne ya saɓa, zai mayar maka ninki biyu. Dokar ta kuma ce kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na kuɗin cinikin. Na biyun kuwa galibi biyan gaba ne kawai, ana iya neman a mayar da shi, babu ninki. A cinikin yuan 100,000 da ka ba da 20,000, harafin farko na kalmar ne zai yanke ko 40,000 za a dawo maka da su ko 20,000 ɗinka kaɗai in masana'anta ta ƙi kawo kaya. Wanne ya fi maka, ya danganta da wanda ka fi tsoron zai fasa, kai ko shi.

Shi ya sa na raba karatuna gida biyu. Saƙon gaisuwa a WeChat, tallan kaya, allon titi, labarin ƙwallo, duk da canka nake bi ta kansu, ba na buɗe ƙamus sai kalma ta dawo sau uku ban gane ta ba, domin mai tsayawa a kowace kalma ba ya kai ƙarshen shafi. Takardar da za a sa wa hannu kuwa, ko saƙon da ke ɗauke da lamba, harafi-harafi nake duba su a Pleco, sannan in sa mai kayan ya sake rubuto mini adadin da alƙaluman da muka saba da su.