Harafin da ake hura shi kamar ana hura wuta

Wanda ya daɗe yana sayar da kayan gyaran mota ya san rubutun Japan da ido ko bai iya karanta shi ba. Shekara da shekaru ina buɗe kwalaye a shago ina ganin waɗannan zane-zane masu lanƙwasa. Bana na roƙi ɗana ya samo min darasinsu a waya, nakan zauna da shi bayan sallar isha'i a gida nan GRA.

Rubutun da yaransu suke fara koya sunansa hiragana, haruffa 46 ne. Kusan kowane harafi baƙi ne haɗe da wasalinsa: ka, ki, ku, ke, ko. Wasulansu biyar ne, a, i, u, e, o, daidai da namu.

Wanda ya fi kama ni shi ne ふ, wato "fu", wanda sunan dutsen Fuji ya fara da shi. Ja huɗu ake yi masa, kuma bi da bi: ɗan gajere a sama, sai mai lanƙwasa a tsakiya kamar ƙugiya, sai ɗaya a hagu, sai ɗaya a dama. Ba a tsallake wani, kamar yadda malamin allo ba ya barin yaro ya ja harafi ta inda ya ga dama.

Furucin ne abin mamaki. Bature idan zai ce "f" sai ya ɗora haƙora a kan leɓe. Bajafane kuwa matso leɓɓansa yake yi ya saki iska, kamar mai hura wuta. To ai mu ma haka muke yi! Shi ya sa Bakano zai ce fura, Basakkwace ya ce hura. Su ma a jerinsu "fu" yana zaune ne tsakanin ha, hi da he, ho. Abin da Bature yake fama da shi, mu a bakin iyayenmu muka same shi.

An samo hiragana ne daga rubutun Sin fiye da shekara dubu da suka wuce, aka sauƙaƙa shi don ya dace da harshensu. Mata ne suka fi riƙe shi a farko, har wata baiwar Allah Murasaki Shikibu ta rubuta babban littafin labarin Genji da shi. Wannan ya tuna min da kakanninmu da suka ɗauki baƙaƙen Larabci suka mai da su ajami, da Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da ta karantar da mata da shi.

Bambancin shi ne su ba su yar da nasu ba. Mutanen da suke ƙera Toyota da Honda har gobe da hiragana yaransu suke fara makaranta. Mu kuwa a 2007 aka cire ajami daga naira 5, 10, 20 da 50, a 2014 aka cire daga naira 100. Wanda ya fi wannan ciwo yana cikin gidajenmu. Ku gwada yaran unguwa: nawa ne suka san ba guje, nun ara, ha kuri? Nawa ne suka san fa ta rubutun Warshu a ƙasa ɗigonta yake? Wasiƙun iyayenmu da takardun gonaki suna cikin akwati, masu karanta su suna ƙarewa.

Koyon rubutun wasu ba laifi ba ne. Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa bisa umarnin Manzon Allah (SAW). Amma kada a yi gyaran gangar auzinawa, a koyo na nesa a bar na gida ya mutu.

Shawarata ga kwamitin masallaci da iyaye: a ware awa ɗaya ranar Asabar bayan la'asar, dattawan da suka iya ajami su zauna da yara. Alluna da tawada na ɗauki nauyinsu. Allah ya sa mu dace, amin.