Abin da tsagar daɓe ta koya mini a Fordham Road

Tun da kusurwar wani bene ta rufta a Morris Heights a watan Disambar 2023, mutanenmu na Bronx ba sa ganin tsaga a gini su yi shiru. Ba a rasa rai ba, amma tsoro ya shiga. Shi ya sa da na ga wani siririn layi kamar silin gashi a daɓen ɗakin ƙasa da nake ajiye buhunan shinkafa da gari, kusa da mahaɗar Fordham Road da Jerome Avenue, sai da gabana ya faɗi. Ga jirgin ƙasa mai lamba 4 yana wucewa a sama, ina jin kamar shi ke ƙara ta.

Wani dattijo mutumin Maraɗi, tsohon birkila, shi ya zo ya duba mini. Ya tsuguna, ya shafa da yatsa, ya kwantar da rula a kai. Ya ce, "Ɗana, gefe da gefe daidai suke. Siminti ne ya sha iska."

Kankare yana ƙanƙancewa idan ruwansa ya bushe, musamman in an cika masa ruwa wajen kwaɓi ko ba a yi masa ban-ruwa ba. Abin da ya rufta a Morris Heights kuwa ginshiƙi ne mai ɗauke da nauyin bene. Daɓen ɗakin ƙasa a kan ƙasa yake kwance.

Ya hana ni liƙewa nan take. Ya sa na ja fensir a ƙarshen tsagar duka biyu, na rubuta kwanan wata, ina leƙawa har hunturu ya fita. Ba ta wuce alamar ba. Da ta ƙara tsawo, ko ta buɗe ta kai milimita 6, ko gefe ɗaya ya ɗara ɗaya tudu, to maganar ta wuce birkila, ta koma ta injiniya da mai gida. Ɗan hayar gidan zama ma yana iya kiran 311, lambar kai ƙorafi ga hukumar birni.

Abin da ban saba da shi a gida ba shi ne ruwan sanyi. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, ga gishirin narkar da ƙanƙara da takalma ke kwasowa daga titi. Don haka kafin mu liƙe tsagar, na manna leda a kan daɓen da salatif ta kwana. Da safe ƙarƙashinta a bushe, alamar danshi ba ya tasowa. Sannan muka kankare layin da burushin ƙarfe, muka zuƙe ƙurar, muka ɗura gam ɗin ifoksi mai ruwa-ruwa. Shafa ruwan siminti, yadda muke yi a Kano, ɓata lokaci ne, ɓarewa yake yi.

Ɗan uwa, in ka ga irinta a shagonka, ɗora buhunanka a kan katako, ka nemi fensir kafin ka nemi siminti.