Kafin Keken Ya Iso Ƙofa



Mu da muke sujada a nan Minnesota ta Amurka mun san hunturun nan ya wuce na Jos nesa ba kusa ba. Tun daga Nuwamba har Maris dusar ƙanƙara ke sauka, kuma ba inda ya kai gangaren keken guragu na majami'armu hatsari. Da rana dusar ta narke, da dare ruwan ya daskare ya zama santsin da ido ba ya gani. Mai ƙafa zai dafa bango. Wanda ke kan keke kuwa, in taya ta zame, sai baya.

Dokar kare haƙƙin naƙasassu da Amurka ta kafa a 1990 ba ta tilasta wa majami'u bin ƙa'idojinta na gini ba. Ƙauna ce ta ɗora mana wannan nauyi.

Shi ya sa mu matasa muke zuwa awa ɗaya kafin sujada. Muna kwashe dusar da shebur na roba tun ba a tattake ta ba, mu zubar da ita nesa da bakin gangaren, don kada ta narke ta dawo. Gishiri yana narkar da ƙanƙara, amma in sanyi ya kai digiri 9 ƙasa da sifili, ƙarfinsa ya ragu, sai mu barbaɗa yashi domin taya ta samu kamu. Ba ma cika gishirin, gama yana cin ƙarfen keke, yana kuma taɓa hannun mai tura taya. Ƙarfen dafawa ma sai mun goge shi.

A Markus 2:1-12, mutum huɗu ne suka ɗauko shanyayye a Kafarnahum, taro ya tare ƙofa, suka buɗe rufin ɗaki. Bangaskiyarsu Yesu ya gani, kuma a aikin hannunsu ya gan ta.

Akwai iyayenmu da ke leƙa taga da safiyar Lahadi suna tunanin ko su fito. Idan suka zauna a gida saboda tsoron gangarenmu, jikin Almasihu ne ya rasa gaɓa a ranar. Wanda zai iya riƙe shebur wannan Lahadi, ya sanar da shugaban zumunta.

Ubangiji, ka ba mu ido mu ga santsin da ke gaban ɗan'uwanmu. Amin.