Hutun Hunturu A Ƙasar Maska

Kowace shekara idan an gama jarrabawar zangon farko cikin watan Disamba, ɗalibai sukan ɗaure akwatunansu su nufi tasha da murna. Mu da muke malamai kuma iyaye, 'yan ƙasar Maska ta ƙaramar hukumar Funtua, mun daɗe muna lura da wani abu. Yaron da yake makarantar kwana yakan yi wajen wata tara a shekara ba ya gida. In ba a yi hankali ba, wata rana sai ya koma baƙo a gidan ubansa, ya san sunan babban birnin Faransa amma bai san iyakar gonarsu ba. Hutun nan na mako biyu zuwa uku ya faɗo daidai lokacin kaka, lokacin da abinci yake wadace, dangi kuma suna gida. Saboda haka muke so mu faɗa wa 'yan'uwa yadda mukan yi amfani da shi, ko wani zai tsinci abin da zai amfane shi.

Abu na farko shi ne aikin kaka. A ƙasarmu ta Katsina Laka, watan Disamba lokaci ne na kwasar dawa da tsinkar auduga. Da hantsi, bayan sanyi ya ɗan sake, mukan fita da yara duka, babba da ƙarami. Manya su ɗaure damin dawa, 'yan mata su taya uwayensu sussuka da sheƙa, ƙanana kuwa a ba su kala, wato tsintar zangarniyar da ta zube. Abin da yaro ya kalato nasa ne, ya sayar ya sayi abin da yake so, ko ya sa wani kashi cikin baiko ranar Lahadi. Wanda yake aji uku mukan ba shi littafi da biro ya ƙirga dami nawa aka sa a rumbu, tiya nawa dami ɗaya ya bayar, sa'an nan ya lissafa ko abincin zai kai gida har wata kakar. Mun ga yaran da lissafi yake ba su wuya a aji, amma da aka ce tuwonsu ne ake ƙirgawa, sai ga kai ya buɗe.

A gonar auduga kuwa akwai tarihi. Tun kafin zuwan Turawa an san Maska da saƙa da rini, tsohon gari ne mai ganuwa. Audugar ƙasar nan ce ta sa aka kafa injin gurza a Funtua, hanyar jirgin ƙasa kuma ta taso daga Zariya ta bi ta Funtua har ta kai Ƙaura Namoda a 1929. Yau noman auduga ya ja baya, masara da waken soya sun karɓi gonaki da yawa, mata masu kaɗi da mazari kuma sun kusa ƙarewa. In akwai tsohuwa a unguwarku da har yanzu take da mazarinta, ku kai yara su gaishe ta, su ga yadda ake gurza, a shiɓa, a kaɗa zare. Shekara goma nan gaba mai yiwuwa sai dai a ba su labari.

Da rana mukan bar yara su yi wasanninsu. Karan dawa ya samu, sai su ƙera mota da keke da tabarau, ba a kashe ko kwabo ba. Maza su yi langa, mata su yi carafke da gaɗa, dattawa su koya wa samari dara a gindin bishiya. Wata rana kuma a ɗauke su zuwa fadama su ga masu noman rani suna dashen tumatir da albasa, a sayo musu rake su sha. Iyaye, kada mu ce mun girma da wasa. Ranar da uba ya zauna a ƙasa ɗansa ya cinye shi a dara, yaron ba zai manta da ita ba har ya tsufa.

Amma a wurinmu, mafi daɗin lokaci shi ne bayan tuwon dare. Iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Cadi. Sanyinta yakan kora kowa bakin wuta, shi ke nan iyali sun taru ba tare da an kira su ba. A tura dankali cikin toka, a soya gyaɗa, kaka ta fara tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, daga nan a shiga kacici-kacici. Daren da hazo ya lafa mukan nuna wa yara taurarin nan da Hausawa suke kira kaza da 'ya'yanta, gama a wannan wata suna fitowa tun da farkon dare. Doka ɗaya muka kafa, wato kowa ya ajiye wayarsa a ɗaki, har da maigida. Da farko samari sukan yi gunaguni, amma kwana uku sai ka ji su ne masu cewa, "Kaka, a ƙara mana ɗaya."

A bakin wutar nan ne kuma mukan yi addu'ar iyali. Tun da yake an gama fassara Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932, kakanninmu da yawa da shi suka koyi karatu, amma yau akwai ɗalibanmu da suke karanta Turanci sumul, in an ba su Hausa sai su yi ta tuntuɓe. Saboda haka mukan raba labarin haihuwar Yesu Almasihu cikin Matiyu da Luka, kowane dare yaro ɗaya ya karanta kaɗan da Hausa domin kaka ta ji, a raira waƙa ɗaya, a yi addu'a. Kafin ranar 25 ga wata an gama labarin, yaran kuma sun shirya wasan kwaikwayon makiyaya da za su nuna a majami'a.

Ranar Kirsimeti kanta aikin yara ne kai abinci. Mu a nan muna zaune tsakiyar 'yan'uwanmu Musulmi, da yawansu kakanmu ɗaya da su. Da Salla sukan aiko mana, da Kirsimeti mu aika musu. Mukan ɗora wa yara kwanon shinkafa da nama, mu koya musu yadda za su yi sallama, su durƙusa su ce, "Baba, ina kwana? Inna ce ta ce a kawo." Zumunci a ƙafa yake, yaron da ya saba shiga gidan maƙwabci da kwano, da wuya wani ya zo daga baya ya koya masa ƙin maƙwabcin nan.

Dole kuma mu yi maganar tsaro. Ba mu manta da daren 11 ga Disamba 2020 ba, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, nan kusa da Malumfashi. Mun gode wa Allah da aka sako su bayan kwana shida. Tun daga lokacin iyaye da yawa sun rage barin yara su je gona mai nisa ko yawon dare. Shawararmu ita ce a fita tare a dawo tare kafin magariba, a kuma bi maganar dattawan gari game da hanyar da za a bi. Haka nan a kula da wuta, domin kara da ciyawa sun bushe, gobara ba ta da wuya. Kada a kwana da garwashi cikin ɗakin da aka rufe, hayaƙinsa yana kisa. A shafa wa ƙanana man kaɗanya saboda kaushi, a sa musu rigar sanyi saboda tari da mura.

Ya ku ɗalibai, in kun isa gida kada ku zama baƙi masu jiran a kawo muku abinci. Ku karɓi taɓarya daga hannun inna, ku bi baba gona, ku tambayi kaka sunan kakanta ku rubuta. Ya ku iyaye, ba sai mun tara kuɗin sabuwar riga ba kafin yara su ji daɗin hutu, gama abin da suka fi bukata shi ne mu zauna da su. Cikin Janairu za su sake ɗaure akwati, kuma wanda yake aji shida, watakila hutun hunturu na ƙarshe ke nan da zai yi cikakke a gida. Ubangiji ya kai kowa gida lafiya, ya tsare ƙasarmu, ya maido mu makaranta lafiya. Amin.