SORAZ a ƙofar gidanmu: abin da mutanen Damargu ke faɗa



A shekarun da na yi ina buɗe layi a rediyo, akwai maganar da ba ta taɓa sanyi ba. Ko kan farashin tiyar hatsi muka fara hira, ko kan rashin ruwa, kafin a rufe shiri sai wani ya kira ya jawo zancen SORAZ. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da nake ji daga bakinku, in ɗora nawa a kai.

Ga waɗanda ba su san wurin ba: matatar tana kusa da Bakin Birji, cikin komin ɗin Olelewa, wato cikin ƙasar Tanut, kan hanyar Damagaram zuwa Agadas. An buɗe ta ran 28 ga Nuwamba 2011. An gina ta don tace ganga 20,000 a rana, ɗanyen man kuma daga Agadem yake zuwa, can jihar Difa, ta bututun da ya haura kilomita 400. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60 cikin 100, gwamnatin Nijar na da 40. Duk Damargu babu wani mai ba da aiki da ya kama ƙafarta.

Masu kira kashi-kashi ne. Akwai 'yan kasuwa, masu tuwo-tuwo, masu shayi da 'yan kabu-kabu na bakin hanya. Su kam godiya suke, don direbobin manyan motocin mai na tsayawa su ci su sha, kuɗi na juyawa. Duk wanda ya san Bakin Birji kafin 2011 ba zai musa musu ba.

Akwai kuma samari masu dipulom, kuma su ne suka fi zafi. Kukansu ɗaya ne: ɗan ƙasa in ya samu shiga, galibi gadi ne ko leburanci ko shara, manyan kujeru kuwa sai baƙi ko waɗanda suka zo daga Yamai. Da can wasu na ɗaukar wannan magana surutun fada. To amma a watan Maris 2025 hukumomin ƙasa da kansu suka sallami manyan shugabanni uku 'yan Sin, na CNPC, na WAPCO da na SORAZ, kuma cikin dalilan da aka bayar har da tazarar albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa. Ashe abin da ake faɗa a gindin bishiya ya isa har ofis.

Sai mutanen Belbeji da ƙauyukan Tarka. Su matatar ta yi musu nisa, ba su ganin wutarta da dare. A wurinsu SORAZ ita ce kuɗin litar esansi. Lokacin da aka sauko da lita zuwa sefa 499 a watan Yuli 2024, sun yi murna. Da man ya yi wuya a farkon 2025, tambayar da suka yi ta yi mini ita ce: ya za a yi mai rijiya ya kwana da ƙishirwa? Amsar tana da tushe. Shekara da shekaru rabin motocinmu da baburanmu ruwa-ruwan Najeriya suke sha. Da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, ruwa-ruwa ya yi tsada, kowa ya koma gidan mai, matatar kuma girmanta bai ƙaru ba. Ban da haka, SORAZ tacewa take, SONIDEP ke saye ta rarraba. Mutane da yawa ba su san wannan rabon aiki ba, sai su haɗa duka su ɗora wa wanda suka san sunansa.

Abin da na lura da shi a duk waɗannan muryoyi shi ne: Badamarge ba ya ƙin kamfani don yana da arziki. Abin da ke ci masa rai shi ne rufaffiyar ƙofa. Haka yake auna kowa. Magazen ɗin OPVN in an fito da hatsin farashi mai rahusa, aka faɗa a rediyo rana kaza, wuri kaza, kuɗi kaza, za ka ji ana sa albarka ko da bai ishi kowa ba. Likita in ta gaya wa mace abin da yake kyauta da abin da za ta biya tun daga bakin ƙofa, ba ka jin ƙorafi. Amma inda aka yi shiru, nan jita-jita ke yin gida.

Shirun nan yana da masu cin riba. Wani ƙanena da ya gama BAC ya taɓa ba wani dillali jika ashirin, wai zai shigar masa da dosiye a wani kamfani. Kuɗin akuyar uwarsa ne. Har yau babu aiki, babu kuɗi, lambar mutumin ma ba ta shiga. Yaron yanzu yana Tamanrasset yana ɗaukar bulo. Irinsa nawa ne a unguwarku? Da ana karanta sanarwar ɗaukar ma'aikata a fili, da Hausa da Tamajak da Fulatanci da Barbarci, da dillalin bai samu abin sayarwa ba.

Saboda haka roƙona uku ne, kuma ba SORAZ kaɗai nake nufi ba, har kamfanonin da ke karɓar ƙananan kwangila, da ƙungiyoyin agaji da ke aiki a yankinmu.

Na farko, duk aikin da za a ɗauka, ko na wata uku ne, a manna shi a meri, a kawo shi rediyo. A faɗi mutum nawa ake so, wace takarda ake nema, ina ake ajiye dosiye, kuma a faɗa da babbar murya cewa ba a biyan ko dala.

Na biyu, hukumomin komin su riƙa gaya mana abin da ya shigo musu ta dalilin mai da abin da aka yi da shi: aji nawa, rijiya nawa, a wane ƙauye. Wanda ya ga lissafi ba ya zargi a makance.

Na uku namu ne, mu iyaye da yayye. Matata ba gona ba ce da ƙarfi kaɗai zai wadatar. Tana son mai walda da ya ƙware, mai gyaran lantarki, mai ilimin sinadarai. Yaron da aka haifa shekarar da aka buɗe SORAZ yanzu yana kolej. In muka cire shi don kiwo ko tafiya ci-rani, gobe wani za a kawo daga nesa ya zauna a kujerar, mu koma muna kira a rediyo. Akwai cibiyoyin koyon sana'a, akwai Jami'ar André Salifou a Damagaram, akwai EMIG a Yamai. 'Yan mata ma su shiga, lissafi bai san namiji da mace ba.

Damargu an san ta da rumbun hatsin ƙasa tun kakanni, yau kuma man ƙasa a gabanmu ake tace shi. Haƙƙinmu ne mu tambaya, cikin ladabi, ba tare da zagi ba.

Ku rubuto a ƙasa: a garinku wace ma'aikata ce ke yi muku bayani, wace ce ke rufe ƙofa? Kada a kama sunan mutum, a faɗi aiki kawai. Abin da kuka rubuto zan karanta shi a shiri mai zuwa, in Allah ya kai mu.